Furannin Gwangwani A Maƙabartun Hamadar Atakama

In mutum ya tashi daga Ikike, birnin nan na bakin Tekun Fasifik a arewacin ƙasar Cile ta Amurka ta Kudu, ya kama hanyar gabas, ba zai yi nisa ba sai mota ta fara hawan dutse tana nishi. Kafin a ci kilomita 50 an hau wani shimfiɗaɗɗen fili da ya ɗara bakin teku tudu da wajen mita 1,000, wanda mutanen wurin ke kira Pampa. Yanki ne na hamadar Atakama, wadda duk duniya ba inda ya fi ta ƙarancin ruwan sama in an ɗebe ƙasashen ƙanƙara. A garin Arika, can arewa da Ikike, ruwan da ake samu a shekara bai cika milimita ɗaya ba. Ƙasa ce mai ɓawon gishiri, ba ciyawa, ba rafi, sai wasu itatuwa masu ƙaya da ake kira tamarugo nan da can.

Mai karatu zai ce, to me zai kai ɗan Adam irin wannan wuri? Abin da ya kai shi wani gishiri ne da ake kira salitire, wanda ake yin takin zamani da albarushi da shi. A kansa Cile ta gwabza yaƙi da Peru da Bolibiya daga 1879, ta ci su, ta riƙe ƙasar. An kafa masana'antu fiye da 200 a cikin wannan fako, kowace da garinta na leburori. Sai a 1913 Jamusawa suka fara haɗa irin wannan taki a masana'anta daga iskar da muke shaƙa, kasuwar salitire ta shiga mutuwa sannu a hankali. Garin Humberstone, wanda ya fi sauran suna, an rufe shi a 1960, na Biktoriya kuwa a 1979. A 2005 Hukumar UNESCO ta sa Humberstone da maƙwabciyarsa Santa Laura cikin wuraren tarihi na duniya.

Masu rai sun ɗaure kayansu sun gangara biranen bakin teku. Matattu kuwa suna nan inda aka bar su. In kana tafe bisa babbar hanya za ka riƙa hango maƙabartunsu a tsakiyar fili, ba gari kusa: gicciye na katako da rana ta mai da su toka-toka, da 'yan shingaye na itace ko na ƙarfe kewaye da kaburbura kamar gadon jariri. Da yawa kuwa na jariran ne. Abin da zai fi ɗaukar idon baƙo shi ne kambunan furanni da ke rataye jikin gicciyen, waɗansu da launinsu rangaɗau, waɗansu sun yi fari fat, waɗansu kuma sun yi ja saboda tsatsa. Ko ɗaya daga ciki bai taɓa tsirowa daga ƙasa ba.

Mutanen nan Kirista ne, yawancinsu 'yan Katolika, kuma a al'adarsu ba a barin kushewar ɗan'uwa ba fure. To, a ƙasar da ruwan sha ma da ƙyar ake samunsa, wa zai shuka fure? In ma an kawo ɗanye daga nesa, wuni guda ya ishe shi ya yanƙwane. Saboda haka matan leburori suka koma yin nasu da hannu, daga nan kuwa suka shiga kokawa da rana, kokawar da jikokinsu ke yi har yau.

Ga yadda rana ke yin ɓarnarta. A cikin haskenta akwai wani kashi da ido ba ya gani, wanda masana kimiyya ke kira ultrabayolet. Shi ne ke kakkarya ƙwayoyin rini har launi ya koɗe, kamar yadda zane ke yi in an manta da shi bisa igiyar shanya. Masana suna da ma'aunin ƙarfinsa, in ya kai lamba 11 sai su ce ya kai matuƙa. A Atakama kuwa wuce 11 ba labari ba ne a lokacin zafi, don ga tudu, ga sama garau ba girgije, ga iska busasshiya. Launuka ba tare suke mutuwa ba. Ja da shunayya da ruwan hoda su ke fara tafiya, fari da rawaya kuwa sun fi ɓoye tsufansu.

Furen takarda shi ne mafi sauƙin yi, shi ne kuma mafi gajeren kwana. Makonni kaɗan launinsa ya tafi, sa'an nan iskar da ke tasowa kullum da la'asar ta yayyage abin da ya saura. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta gwangwani. A zamanin salitire ba a biyan lebura da kuɗin ƙasa, sai da wasu kwabban kamfani waɗanda ba sa ci sai a kantin kamfanin, abinci kuwa da yawansa na gwangwani ne. Abin da aka ci aka yar, shi mata suka tsince. A yanka gwangwani da almakashi ganye-ganye, a lanƙwasa, a jera bisa zoben waya, a shafa fentin mai. Shi ma fentin yana koɗewa ya ɓamɓare, sa'an nan akwai wani hazo mai laima da ke tasowa daga teku da dare, ana kiransa kamancaka, wanda ke sa wa ƙarfe tsatsa. Amma ko launi ya tafi, siffar fure tana nan, har akan ga kambun da ya shekara aru-aru yana rataye inda mai shi ta ɗaure shi.

Daga baya furen roba da na yadin leda suka shigo, ga arha ga kyau ranar da aka saye su. A ganina a wannan ƙasa su ne suka fi kowa jin kunya, don rana ba launinsu kaɗai take ci ba, har jikin robar take busarwa ya yi ƙamas, in ka taɓa ya ruɓuɓɓushe, iska ta watsa shi cikin fili ya zama shara. Duk da haka mai son ya yi amfani da su yana da 'yan dabarun da za su ƙara musu kwana. Akwai waɗanda tun a masana'anta aka cuɗa robarsu da maganin wannan haske, sun fi tsada amma sun fi jurewa. Akwai kuma fenti marar launi da ake fesawa, wanda ke tare ultrabayolet. A wanke furen, a bari ya bushe sarai, a fesa sama da ƙasa, a kuma maimaita bayan 'yan watanni, don shi ma rana tana cinye shi. A ɗaure da waya, kada a dogara da zare. Wajen ratayewa kuma a tuna cewa Cile kudu take da tsakiyar duniya, watau mafi yawan shekara rana ta gefen arewa take bi, inuwa tana faɗawa kudu. A maƙabartun cikin birni, inda ake binne mutane cikin ramuka jikin bango hawa-hawa, sukan sa furen bayan 'yar ƙofar gilashi. Wannan yana tare ƙura da iska da wani kashi na hasken, amma ba duka ba.

Ranar 1 ga Nuwamba, ranar Dukan Tsarkaka, hutu ce a Cile. Tun cikin Oktoba tsofaffin mazauna garuruwan salitire da 'ya'yansu suke taruwa suna yankan gwangwani da takarda, in lokaci ya yi su cika motoci su hau Pampa. Su kwance na bara, su ɗaura sabo, su kan kuma sa wa kaburburan da ba wanda ya san masu su, don rana da iska sun goge sunayen da ke jikin katakon. Yaron da ya bar Humberstone yana ɗan shekara goma a 1960, yau ya haura 70, kuma waɗanda suka san ko wane ne ke kwance a ina suna ta raguwa. Shi ya sa ake shirya zaman koya wa matasa wannan sana'a.

Wani abin kuma, Nuwamba a can bakin lokacin zafi ne. Kamar mako uku bayan an watse, rana za ta tsaya daidai tsakiyar kai a wannan yanki. Kafin Kirsimeti furannin takarda sun yi fari, jajayen na roba sun fara komawa ruwan hoda, na gwangwani kuwa suna nan da fentinsu, iskar la'asar tana kaɗa su suna ƙara jikin katako.