A rage murya, zancen Diffa ne

Ku matso kusa, 'yan uwa, a ƙara gawayi a ƙarƙashin butar nan. Wai ƙawarmu ce ta ƙwallafa rai sai ta ga Diffa da sanyin bana, ita da ko Gure ba ta taɓa wucewa ba, hahaha! Ai ba mu ga laifinki ba, 'yar gari. Wanda ya taɓa ganin tattasai shanye a ƙasa, ja wur, ƙamshinsa na sa atishawa tun daga nesa, ya san abin da ke jan ki. Ga bandar kifin Tafkin Cadi, ga turaren wutar matan Barebari mai kama tufa har sati. Ga kuma Komadugu, da ruwansa ke tasowa tun daga Hadeja da Jama'are, ya zo ya raba Nijar da Najeriya, kai, daɗi dai!

Amma hanyar doguwa ce, daga Damagaram a bi Gure, Gudumariya, Maine-Soroa, shinge bayan shinge. A Fabrairun 2015 Boko Haram suka kai hari Bosso da Diffa, aka kafa dokar ta-ɓaci, kuma bakin kogin nan da muke yabo ba wurin yawon yamma ba ne. Katin shaida a kusa, tafiya da rana, inda mai masauki ya ce kada a taka, ba a takawa. Wannan kam har liman ya shafa, hmm.

Sai namu kuma, wanda ba a faɗa da ƙarfi. Da can mukan ce dokar Nijar ta yi shiru a kan masu harka, wato masu son jinsi ɗaya, to shirun ya ƙare. A Janairun 2023 Shugaba Bazoum ya yi maganar sa hukunci, kundin mulkin da gwamnatin soja ta fitar a Maris 2025 kuma ya haramta abin ƙarara. Ƙetaren ruwa, wajen Damasak, dokar Najeriya ta 2014 ce: ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, 10 kan nuna soyayya a fili, ga shari'ar Musulunci ta Borno da Yobe a kai. Zuciya takan yi nauyi in an tuna, wallahi.

Shi ya sa waya ce abin fara wankewa kafin kaya. Hotuna, tsofaffin saƙonni, muryoyin nan na tsakar dare, ehem, kun san su, a share tas, don a shinge ana iya cewa a buɗe. Baƙon intanet mai zaƙin baki da ya ce ki zo ɗakinsa ke kaɗai, a'a, ƙawata, haka ake ɗana tarko a ƙwace kuɗi da barazanar tonon asiri.

Abin da ya fi damuna shi ne mai masaukin. Mu kwana nawa ne mun hau mota, shi kuwa nan uwarsa take, nan rumfarsa, nan masallacinsa. Rangwaɗa ɗaya a bakin kasuwa, shi zai kwana da ita shekaru. A gaida manya da kyau, a sa tufafin da ba sa jan ido, a ajiye shewa sai an dawo wannan tabarmar.

Kuma ɗaya daga cikinmu ta san gidan da kika sauka, ki kira ta kullum bayan isha'i. In kika manta, to ki shirya, mu duka za mu yi ta bugowa har cajinki ya mutu, hahaha!