Maƙalar Mako: Hatsinmu A Rumfar Wani



Mu da muke rubutu daga Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi muna da wani darasi da muka biya kuɗinsa da tsada, shi muke son mu raba da ku a wannan makon. A farkon watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a duk faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Da fari mako biyu aka ce. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, mu kuwa sai ƙarshen Nuwamba aka sanar da dawo da na sauran sassan jihar. Wanda uzuri ya matsa wa sai ya shiga mota zuwa Sakkwato ko Zariya, daga baya Gusau, don kawai ya yi kira ɗaya.

A wannan zaman shirun ne muka gane ba mu da komai a hannu. Ɗaya daga cikinmu ya kai babi na talatin a labarinsa, yana so ya ci gaba a takarda, amma ya kasa tuna sunan da ya raɗa wa wata ƙanwar jarumarsa a babi na huɗu. Kai tsaye yake buga rubutunsa a shafinsa, bai taɓa ajiye kwafi ba. Littafinsa ne, guminsa ne, amma ba shi da ikon buɗe shi. Da layi ya dawo muka koma shafukanmu da murna, sai muka tarar masu karatu sun watse. Wanda ya zo neman farkon labari sai ya yi ta jan allo har yatsa ya gaji, domin sabon rubutu ya binne tsoho. Wata 'yar uwarmu ita ma, bayan wasu watanni, 'yan damfara suka ƙwace mata shafi da saƙon ƙarya. Waƙoƙinta na shekara huɗu suka tafi tare da shi.

Kada wani ya ce ai wannan matsalar Zamfara ce kawai. A watan Yunin 2021 gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter, ba a buɗe ba sai 13 ga Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Mu nan ba mu ma sani ba sai daga baya. Sannan a ƙarshen Nuwamban 2023 OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suke sayar da littattafansu, ta rufe bayan shekara goma tana aiki. Ba wanda ya nemi shawarar marubuci kafin ɗaya daga cikin waɗannan ya faru.

Duk wanda ya san kasuwar Shinkafi ya san manomi ba ya kwashe amfanin gonarsa duka ya jibge a rumfa. Yana kai abin da zai sayar, sauran yana rumbu a gida. Dandalin sada zumunta kasuwa ce, kuma kasuwa mai albarka, a nan muka san juna, a nan kuke karanta wannan maƙala. Sai dai rumfar ta haya ce. Mai ita ne yake yanke shawarar mutum nawa za su ga rubutunka yau, shi ne yake sauya doka, shi ne yake riƙe da jerin mabiyanka. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Rumbun marubuci a yau shi ne shafinsa na kansa a intanet, mai ɗauke da sunansa. Amfaninsa na farko tsari ne: babi na ɗaya yana nan, na biyu yana biye da shi, mai karatu ba ya ɓata. Na biyu hujja ce. Mun sha ganin an kwashi labarin mutum an cire sunansa an watsa a zaurukan WhatsApp. Idan rubutun yana shafinka da ranar da ka saka shi, kana da abin nunawa. Na uku, ana samunka. Ɗalibin jami'a da yake neman marubutan Zamfara don kundinsa, ko mawallafi, ko mai shirya fim, zai rubuta sunanka a Google ya iske aikinka a wuri ɗaya tare da hanyar tuntuɓarka.

Gaskiya ɗaya da ba za mu ɓoye ba: da muna da irin wannan shafi a 2021, ba zai ba mu damar saka sabon rubutu ba, tunda layin ne gaba ɗaya babu. Amma da masu karatunmu na Kano da Maraɗi sun ci gaba da samun tsofaffin ayyukanmu a tsare har mu dawo. Kuma shi ma shafin yana da ɗawainiya. Sunan da ka saya duk shekara ake sabunta kuɗinsa, in ka yi sakaci ya kuɓuce maka. Masu karatu da yawa kuma ba sa son barin Facebook saboda tsadar data. Don haka ba cewa muke a bar kasuwa ba.

Ga abin da muke yi yanzu, ko wani zai amfana. Muna fara rubutu a takarda ko a manhajar rubutu ta waya, ba a akwatin saka rubutu na dandali ba. Muna ajiye kwafi a wuri biyu, ɗaya a katin ajiya, ɗaya mu tura wa kanmu ta imel. Wanda ba shi da hali ya fara da Blogger ko WordPress, duka suna da tsarin kyauta, kuma suna ba ka damar sauke rubutunka gaba ɗaya ka koma wani wuri da shi. Idan hali ya samu sai ka sayi suna naka, ko mai ƙarewa da .com ko .com.ng. Daga nan duk sabon babi ya fara sauka a gida, sannan ka kawo ɗanɗano kasuwa tare da adireshin inda za a samu sauran. Ka bar shafin ba nauyi, ka rage hotuna, domin wanda yake ƙauyen Zurmi da layi mai rauni ya iya buɗewa.

Abokinmu na babi talatin ya shafe kusan mako biyu yana kwafe labarinsa ɗaya bayan ɗaya daga shafinsa, babi biyu bai same su ba har yau. Aikin wannan mako ke nan gare mu duka: kowa ya koma ya kwaso rubutunsa guda goma mafi soyuwa a gare shi ya adana. Wanda ya riga ya buɗe shafinsa ya faɗa mana yadda ya yi, na baya su koya.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya, Ya yi wa alƙalumanmu albarka.