Cin Kasuwar Vom Da Kyamara

Wanda ya tashi daga Jos ya nufi kudu, ya wuce Bukuru, ya bi hanyar da ta ratsa ta gefen Kuru, ba zai cika sa'a guda a mota ba sai ya tarar da kansa a Vom. Ƙasa ce ta Berom, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu a Jihar Filato, masu ita kuwa Vwang suke kiranta. Bisa tudu take, tsayinta daga bakin teku ya haura mita 1,200, saboda haka ko da bazara iskarta da sanyi-sanyi. In kuwa hunturu ya kama, watau watannin Disamba da Janairu, baƙon da ya zo daga Sakkwato ko Maiduguri sai ya nemi ƙarin bargo. Ko'ina mutum ya duba sai manyan duwatsu, wani bisa wani kamar da hannu aka jera su, da gonaki masu shingen ƙyarana, da kududdufan da masu haƙar kuza suka bari.

Abin da ya fi fito da sunan Vom shi ne Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa, wadda aka kafa a nan a shekarar 1924, zamanin da cutar bushiya ke ƙarar da shanun Arewa. Sai a 2011 aka yi shelar cewa an kawar da wannan cuta daga duniya baki ɗaya. Akwai kuma tsohon asibitin mishan da ya soma aiki tun 1922, can kuma a Kuru ga Cibiyar Nazarin Manufofi da Dabarun Mulki wadda aka buɗe a 1979. Amma wanda ke son ya san mutanen wuri, kasuwarsu zai nufa. A zamanin nan kuwa duk mai shiga kasuwa da wayar hannu a aljihu, da kyamara ya shiga. Don haka ya kamata mu yi magana a kan yadda ake ɗaukar hoton irin wannan kasuwa, da kuma iyakar gyaran da ya halatta a yi masa.

Abin Da Ake Tararwa

Ranar da kasuwa ke ci, tun sanyin safiya mata ke fitowa daga ƙauyukan da ke kewaye, wasu a ƙasa da kaya a ka, wasu a kan babur. Sanyin ƙasar ya sa ana noma abubuwan da ba su cika yi a sauran Arewa ba. Ga dankalin Turawa tsibi-tsibi, ga kabeji da karas da koren wake da tattasai. Ga acca, wadda ita ce hatsin gado na Berom, da ita ake yin gwaten da duk wanda ya zauna Jos ya sani. Da rani kuma akan ga 'yan jajayen 'ya'yan nan da ake kira sitiroberi, waɗanda manoman Chaha, nan kusa, suka yi suna wajen nomansu.

Masu cin kasuwar ma iri-iri ne, kuma tarihi ne ya tara su. Fulani sun hau tudun nan da shanunsu don ciyawa da ƙarancin ƙudan tsando. Da Turawa suka soma haƙar kuza a farkon ƙarnin da ya wuce, Hausawa da sauran ƙabilu suka yi ta zuwa ƙwadago da fatauci, musamman bayan ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya ya iso Bukuru a 1914. Sa'an nan makarantu da ma'aikatun Vom suka jawo ɗalibai da ma'aikata daga ko'ina cikin Nijeriya. Shi ya sa a layi ɗaya sai ka ga mai acca, kusa da ita mai nono da ƙwaryarta, gaba kaɗan mahauci, sa'an nan mai kayan koli, yawancin cinikin kuwa da Hausa ake yi. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo kansa.

Haske Da Izini

Abu na farko da mai kyamara zai yi fama da shi a Vom shi ne rana. In sarari ya washe, hasken tsakar rana a kan tudu yana da kaifi ƙwarai. Mai tallar da ke ƙarƙashin rumfa sai ta fito baƙi ƙirin, tumatirin da ke gabanta a rana kuwa ya fito fari fat, ba a gane komai. Maganin wannan shi ne sammako. Daga fitowar rana zuwa hantsi haske na zuwa ne a karkace, yana fito da saƙar kwando da zanen ƙwarya da tururin tukunyar mai abinci. A lokacin ne kuma ake sauke kaya ana kasawa, fuskoki ba su riga sun gaji ba. Da hunturu hazo kan tausasa hasken, amma ƙurarsa na shiga kyamara, sai a riƙa rufe ta a jaka in ba aiki ake yi ba. Da damina kuwa ruwan Filato ba ya sallama, leda ba ta rabuwa da aljihun mai hankali.

In mutum na cikin inuwa, a auna hasken da fuskarsa, ko da abin da ke bayansa zai ɗan yi fari. A lura kuma da tamfol mai launi da ake rufa rumfuna da shi, don shuɗinsa ko jansa yakan zuba a kan fata da kaya. Wanda kyamararsa ke iya ajiye ɗanyen hoto, watau wanda na'ura ba ta matse shi ba, ya zaɓi wannan, zai ji daɗinsa ranar gyara.

Abu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne izini. Kasuwa wurin neman abincin mutane ce, ba su fito don a yi kallonsu ba. Baƙo ya fara neman shugabannin kasuwa ya gabatar da kansa, ya faɗi abin da zai yi da hotunan. In ya zo gaban dattijuwa ya rusuna ya ce, "Sannu da kasuwa, Mama," ko ya ce "Ngo", yadda Berom ke girmama uwa, dattijo kuma a ce masa "Da" ko "Baba". Ya taya kaya, ya sayi ko da mudun acca ne, sa'an nan ya ce, "Mama, kin yarda in ɗauki hotonki da kayanki?" In ta ce a'a, magana ta ƙare, ya yi godiya ya wuce. Akwai matan auren da ba su so, akwai masu zama a gefen da ake sayar da burkutu waɗanda ba su son a gan su a jarida, yaro kuwa ba a ɗaukarsa sai da yardar babba. Wanda ya laɓe daga nesa ya ɗauki mutane ba su sani ba, ko da hoton ya yi kyau, ya ɗauki abin da ba a ba shi ba.

Gyara Da Iyakarsa

Gyaran hoto ba sabon abu ba ne. Tun zamanin fim, mai wanke hoto a ɗaki mai duhu yakan tare haske da hannunsa don wani gefe ya yi fari, ya ƙara wa wani gefe don ya yi duhu. Abin da ya sake yau shi ne sauƙi. Aikin da kan ci yini guda, yanzu da manhaja irin su Lightroom da Photoshop a kwamfuta, ko Snapseed a waya, minti biyu ya isa.

Aikin farko shi ne zaɓe. Wanda ya dawo da hoto ɗari uku ya fitar da goma sha biyu da za su ba da labarin yinin: ɗaya na faɗin kasuwa da duwatsu a bayanta, wasu na fuskoki, wasu na hannuwa suna awo ko ƙirgar canji, ɗaya na tashin kasuwa. Daga nan sai gyara, ma'auninsa kuwa guda ne, watau a mai da hoton yadda ido ya ga wurin. Ido ya fi kyamara iya gani cikin inuwa, don haka babu laifi a buɗe inuwar rumfa har fuskar mai talla ta bayyana. Babu laifi a cire shuɗin tamfol daga farin nono, ko a miƙe hoton da ya karkace, ko a goge ɗigon ƙurar da ya hau gilashin kyamara.

Wurin da ake zamewa shi ne neman ƙarin kyau. Wani sai ya ƙara wa launi ƙarfi har tumatir ya koma kamar garwashi, jar ƙasar Filato ta zama kamar an zuba mata manja. Wayoyi da yawa kuma da kansu suke haskaka fata su goge tamojin fuska, sai ka ga tsohuwar da ta shekara arba'in tana noman acca ta fito sumul kamar 'yar tsana. A kashe wannan tun kafin a fara ɗauka. Hausawa sun ce garin neman gira a kan rasa ido.

Wanda ya fi wannan muni shi ne cire abin da yake nan. Da yawa masu ɗaukar hoto sukan zo ƙauye da kasuwar da suka riga suka zana a zuci, ta ƙwarya da tukwane da rumfar ciyawa. In suka tarar da bokitin roba, da babur, da mai cajin waya, da yarinya mai injin cirar kuɗi a ƙarƙashin lema, sai su ga an ɓata musu "gargajiya". Yanzu kuwa manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira na share duk wannan da taɓawa ɗaya. To, wanda ya yi haka ya nuna wa duniya kasuwar da babu ita, ya kuma mai da mutanen Vom baya da shekara hamsin ba da saninsu ba. Manya ma sun faɗa wannan rami. A watan Fabrairu na 1982 mujallar National Geographic ta Amurka ta matso da dalar Giza ta Masar kusa da 'yar'uwarta don hoton ya shiga bangonta, har yau kuwa ana buga misali da abin. A 2015 masu gasar World Press Photo ta birnin Amsterdam suka fitar da kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe, saboda an yi musu gyaran da ya wuce ƙa'ida.

Dalilin Da Ya Sa Abin Ya Fi Nauyi A Filato

Ko ba a goge komai ba, datse gefen hoto kaɗai na iya sauya labari. Mu koma layin nan na mai acca da mai nono. In aka datse ɗaya aka bar ɗaya, mai kallo a Legas ko Landan zai ɗauka kasuwar ta ƙabila guda ce. A wani wuri wannan ƙaramin abu ne, amma ban da jihar da ta ga tashin hankalin 2001 da 2008 da 2010, inda wasu unguwanni da kasuwanni suka rabu bisa addini da ƙabila. A nan, hoton mata biyu da suka zauna gefe da gefe suna ba juna canji shaida ce, kuma bai kamata a yanke rabin shaida ba.

An kuwa ga abin da hoton ƙarya ke haifarwa. Bayan hare-haren Barikin Ladi na watan Yuni 2018, binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamba na wannan shekara ya nuna cewa cikin hotunan da aka yi ta yaɗawa a Facebook akwai waɗanda ba na rikicin ba ne, har da wani bidiyo da aka ɗauka shekaru da dama kafin nan a Kwango Barazabil. 'Yan sandan jihar sun ce irin waɗannan hotuna sun taimaka wajen hura wutar ramuwar gayya, wadda a cikinta aka tare matafiya a hanya aka kashe. Allah Ya kiyaye na gaba.

Saboda haka duk hoton da zai fita ya fita da bayaninsa: wuri, da rana, da abin da ake yi a cikinsa. Kada a rubuta ƙabila ko addinin mutum bisa zato don an ga tufafinsa. A kuma adana hoton asali yadda kyamara ta ɗauko shi, don ranar da wani zai yi gardama ko ya sauya masa labari.

Saura abu ɗaya da masu kyamara kan manta. Hoton da aka ɗauka a kasuwa yakan zaga duniya, mai shi kuwa ba ta taɓa ganinsa ba. Wanke hoto a Bukuru ko Jos ba wani kuɗi mai yawa ba ne. Kasuwa mai zuwa a komo da shi a miƙa mata hannu da hannu. In ta duba ta gane kanta, ta gane kayanta, ta gane maƙwabciyarta ta rumfa, to, gyaran bai wuce iyaka ba. Sauran hotunan kuma a ajiye su da kyau, da kwanan watansu. Gidan Tarihi na Jos, wanda aka buɗe a 1952, cike yake da tukwanen da a zamaninsu kayan kasuwa ne kawai. Nan da shekara hamsin jikokin masu cin kasuwar Vom za su so su ga bokitin roban nan da babur ɗin nan, da kuma waɗanda suka zauna kusa da kakanninsu.