Mu Leƙa Illela, Garin Bakin Iyaka

In ka fita daga Sakkwato ka fuskanci arewa, ka haye gulbin Rima, ka wuce Kware da Gwadabawa, bayan tafiyar kilomita 80 da 'yan kai sai ga ka a Illela. Nan Nijeriya ta ƙare ta wannan gefe. Daga shingen kwastan kuwa, tafiya kaɗan ce zuwa Birnin Ƙonni, a jihar Tawa ta ƙasar Nijar. Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layin nan a takarda, suka daidaita shi a yarjejeniyar 1906, amma mutanen wurin ba su taɓa ɗaukarsa da wani nauyi ba. Adarawa da Gobirawa da Fulani da Buzaye suna nan ta kowane ɓangare. Kaka tana Ƙonni, jikokinta suna Illela, a yi biki a can a yi suna a nan. Naira da sefa duka suna ci a kasuwa.

Ranar Lahadi kasuwar ta ke ci, kuma duk wanda bai ga karar Illela ba, da sauransa a sanin kasuwar dabbobi. Ga raƙuma, ga shanu masu manyan ƙahoni da aka koro daga arewa, ga tumaki uda, ga jajayen awakin Sakkwato waɗanda fatarsu ta yi suna har Turai. Dillalai suna ta rantse-rantse, tireloli sun yi layi suna jiran lodi zuwa Legas da sauran garuruwan kudu. An rufe iyakar nan daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sāke rufe ta daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 bayan juyin mulkin Nijar. Wanda ya ga garin a waɗannan watanni ya san iyakar ita ce gonar mutanen Illela.

Tun kafin ka shiga gari za ka fara ganin kwalabe da jarkoki jere a bakin hanya, na 'yan bumburutu. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 ribar ƙetarewa da shi ta ragu, amma kwalaben ba su bar bakin titi ba. Dubi yaron da ke juye man. Tiyo ya ke sa wa a baki ya zuƙa har man ya taso, sa'an nan ya tofar. A cikin fetur akwai wani sinadari da a ke kira benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa shekara da shekaru. In kuwa man ya kuɓuce ya faɗa huhu, ciwon haƙarƙari mai tsanani ke nan cikin 'yan sa'o'i. A kara kuma, tambayi kowane mahauci abin da ya kan tarar a tumbin saniya ko akuyar gari, zai ba ka labarin dunƙulen leda. Nijar ta kafa dokar hana ledojin nan a 2014, amma iska ba ta san doka ba, har yanzu suna nan maƙale a ƙaya ta kowane gefe.

Amma wurin da na fi so mai karatu ya tsaya tare da ni, wani ɗan tebur ne, irin wanda a kan gani a kowace babbar kasuwa ta ƙasar Hausa. Teburin mai maganin ƙwari ke nan. Sau da yawa ba shi da nisa da masu awon hatsi ko mai tuyar ƙosai. A kansa akwai galan-galan na maganin feshi, da ƙullin gari iri iri, da gwangwanin ƙwayoyi, da waɗansu 'yan ƙananan kwalabe da aka ɗura wa wani ruwa, ba takarda ba suna. Wannan shi ne fiya-fiya. In ka ce masa, "Malam, mene ne a cikin wannan?" amsar da za ka samu ba ta wuce, "Alhaji, wanga shi ad da ƙarfi. Sauro, kuɗin cizo, kyankyaso, ƙwarin wake, duk shina kashe su." Gaskiya ya faɗa. Sauran bayanin ne bai sani ba, gama shi ma ba wanda ya taɓa yi masa shi.

Yawancin abin da ke cikin fiya-fiya shi ne sinadarin da a ke rubuta DDVP a jikin kwalbarsa ta asali, watau irin wanda ke cikin Sniper. Ga yadda ya ke aiki. A jikin ƙwaro, da na mutum ma, akwai wani abu da ke kai saƙo daga jijiya zuwa tsoka, akwai kuma wani da ke share saƙon da zarar ya isa, domin tsokar ta huta. To, dafin nan mai sharewar ya ke kashewa. Sai saƙo ya yi ta zuwa ba tsayawa. Miyau ya dinga dalala, gumi ya karyo, hawaye da majina su zubo, ga amai ga zawo, ƙwayar ido ta tsuke ta zama kamar kan allura, nama ya riƙa rawa, ƙirji ya cika da ruwa har numfashi ya gagara. Ba lalle sai an sha shi ba. Yana shiga ta fata, yana shiga ta hanci. Uwar da ta yayyafa shi a ƙarƙashin gado da magariba, ta rufe ƙofa da taga ta kwantar da jariri, ta kori sauro kam, amma ita da ɗanta su ne za su kwana suna shaƙar ragowar.

A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantuna, ta kuma hana ƙananan kwalabensa na mililita 100 zuwa ƙasa. Dalili kuwa, maganin gona ne ya koma na ɗaka, har waɗansu suna sha don su hallaka kansu. Doka ce mai kyau. Sai dai mai ɗura fiya-fiya daga babban galan zuwa tsohuwar kwalbar allura ba ya jiran iznin kowa.

Inda abin ya shafi kowane gida shi ne wake. Ƙasar nan ta wake ce, daga Sakkwato har Tawa da Maraɗi, buhunansa kuwa suna ƙetare iyakar Illela ba adadi. Wake yana da abokin gāba, watau ɗan ƙwaron nan da ke yin ƙwai a jikinsa tun daga gona. In aka ajiye buhu haka kawai, kafin 'yan watanni ya zama huji da gari. Ɗan kasuwar da ya sayi buhu ɗari da kaka yana jiran tsadar bazara, ba zai zauna ya zuba ido dukiyarsa ta lalace ba, saboda haka sai ya zuba magani. Ba na cewa mugu ne. Amma maganin ba ya tsayawa a kan ƙwaro, yana bin waken har tukunya.

Turawa sun auna sun gani. A watan Yuni 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Iyakar DDVP da suka yarda da ita miligiram 0.01 ne a kilo guda, amma a waken da suka gwada an sami daga 0.03 har zuwa 4.6, watau na ƙarshen ya ninka ƙa'ida sau 460. Su suna da ɗakin gwaji a tashar jirgi, suka mai da kayan. Waken da bai je Turai ba fa, wa ya ci shi? Mu ne, a ƙosai da alale da shinkafa da wake, da ɗan wake na yara. Shi ya sa uwargida mai lura ba ta ƙyamar tiyar da ta ga ƙwaro ɗaya biyu yana yawo a ciki. Waken da ya kai bazara sumul, ƙuda ma ba ya sauka a kansa, yana kuma ɗan wari kamar na kananzir, shi ne abin tsoro. Wankewa da jiƙawa da zubar da ruwan tafasar fari suna rage dafin, ko da ya ke ba su kan raba shi duka ba.

Akwai kuma ƙwayar nan da a ke kira bom, mai suna Phostoxin. Ita da ta ji danshin iska sai ta fara fid da wata iska mai dafi, mai wari kamar tafarnuwa ko ruɓaɓɓen kifi. An yi ta ne domin manyan rumbuna da sito da a ke rufewa ruf, mutane su yi nisa. A ƙauye kuwa, ina a ke ajiye buhun hatsi in ba a ɗakin kwana ba, saboda ɓarayi? Iskar ba ta tsayawa a buhu. Tana cika ɗaki, tana bi ta tsagar bango zuwa ɗakin maƙwabta, yara ne kuma ta kan fara kayarwa. Har yau ba a sami makarinta ba.

Abin da zai ba ka haushi shi ne, akwai hanyar ajiyar wake wadda ba ta bukatar ko ɗigon magani, kuma a maƙwabta aka gwada ta. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka sun fara aikin a arewacin Kamaru, suka ci gaba da shi tare da masu binciken aikin gona na hukumar INRAN a Maraɗi, daga 2007 kuma aka shiga yaɗa shi a ƙauyukan Afirka ta Yamma. Shi ne buhun PICS, mai riɓi uku: leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje, kowanne a ɗaure bakinsa daban. Ƙwarin da ke ciki su ne za su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su mutu. Sharaɗinsa biyu ne, waken ya bushe sarai, ledar kuma kada ta huje. Tsabtatacciyar jarka ko duro mai murfi, in an cika shi fal an toshe, shi ma haka ya ke yi, muddin ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba. Kakanninmu da ke cuɗa wake da toka ko yashi mai laushi, ashe kusan dabarar ke nan.

In ka sami sarari, ka fita bayan gari zuwa Kalmalo. Tafkin nan shi ne ƙarshen ruwan kwarin Majiya, wanda ke gangarowa daga Adar ta cikin Nijar. Tun da aka datse kwarin a Mozage da Zango domin noman rani na Ƙonni, ga kuma farin da aka sha a shekarun 1970 da 1980, ruwan tafkin ya ja baya ƙwarai. Duk da haka fadamun yankin suna ba da albasa da tumatir da tattasai, kamar yadda a ke yi har Galmi, garin da jar albasar nan ta sami sunanta, inda kuma asibitin mishan ya ke tun 1950. A nan za ka ga mai feshi da famfo a baya, ba takalmi, ba safar hannu, ba abin rufe hanci, yana gauraya magani da hannu, iska tana mai do masa da feshin a fuska. In ya gama ya wanke famfon a bakin rijiyar da a ke sha. Galan ɗin kuwa ba a yar da shi, gobe za ka gan shi da nono ko man gyaɗa. Gargaɗin yana nan a jikin galan, amma da Ingilishi aka rubuta shi. Manomin Illela bai cika karanta shi ba, balle na Ƙonni wanda in ma ya yi makaranta Faransanci ya koya. Nijar tana cikin ƙasashen Sahel masu kwamiti guda na tantance magungunan ƙwari, Nijeriya kuwa tana da tata hukuma, saboda haka abin da aka hana a wannan gefe ya kan ƙetara a bayan babur daga wancan.

To, in tsautsayi ya faɗa fa? A fid da mutum waje ya sha iska. A tuɓe masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jikinsa da ruwa mai yawa da sabulu, mai wankewar kuma ya sa leda a hannu. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan tsamiya, kada kuma a sa masa yatsa a maƙogwaro, gama abin da ya taso ya kan koma huhu. A kwantar da shi ta gefe, a nufi asibiti nan da nan, ko da ya ce ya ji sauƙi. Akwai babban asibiti a Illela, akwai na koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Dafin DDVP yana da makari, wata allura da a ke kira atirofin, tana kuwa ceton rai in an zo da wuri. A tafi da kwalbar ko ƙullin, domin likita ya karanta ya san abin da zai yi. Ta fiya-fiya wadda ba ta da takarda ma a kai ta, a kuma gaya masa lokacin da abin ya faru da yawan abin da ya ragu a ciki.