Ki Je Sujada da Mudunki

Maganata ta wannan mako da matan ikilisiya nake yin ta, gama ni ma ɗiyar ikilisiya ce. Amma duk wadda ta ji, ta ga da abin tsinta a ciki, to, ta tsinta.

Kowace uwargida ta san mudun kasuwa iri biyu ne. Akwai wanda mai hatsi yake saye da shi, akwai kuma wanda yake sayarwa da shi, wanda aka bubbuge gindinsa ya shige ciki. Shi ya sa mace mai wayo in ta komo gida takan juye awon a nata mudun, ta ga ko ya cika. Abin da yake ba ni mamaki, matar nan da ba a iya cutarta a kan mudun gero guda, ita ce za ta zauna a majami'a a auna mata maganar Allah da mudu mai bugaggen gindi, ta ce amin, har ta ƙara da tafi.

Alhali kuwa muna da namu mudun. Tun 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, yau ga shi har cikin wayar hannu. A Ayyukan Manzanni sura 17 an yabi mutanen Biriya, domin da Bulus ya yi musu wa'azi sun karɓa da murna, amma kullum sai sun koma sun bincika Littattafai, su ga ko abin da ya faɗa haka yake. An kuma ambaci mata a cikin waɗanda suka ba da gaskiya a garin. To, in an auna maganar manzo Bulus bai yi fushi ba, wane ne ya fi ƙarfin a auna tasa?

Koyarwar da nake so mu auna yau ita ce wadda ake kira bisharar arziki. Tukunyarta a kan duwatsun murhu uku take zaune. Na ɗaya, wai nufin Allah ne kowane mai bi ya yi dukiya da ƙoshin lafiya a nan duniya. Na biyu, wai hanyar samu ita ce ki miƙa wa mai wa'azi kuɗi, sunan wannan "shuka iri", Allah kuma ya mayar miki riɓi ɗari. Na uku, in kin shuka ba ki girba ba, wai bangaskiyarki ce ta gaza. Kun gani, ta kowace fuska mai wa'azi ba ya faɗuwa.

Abin daga Amurka ya taso, bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wurin masu wa'azin warkarwa. Wanda ya fi kowa yayata maganar iri shi ne Oral Roberts na birnin Tulsa, har ya rubuta littafi a kanta a 1970. A farkon 1987 ya gaya wa masu kallonsa a talabijin, in ba a tara masa dala miliyan 8 kafin ƙarshen watan Maris ba Allah zai ɗauki ransa. Aka kuwa tara, har suka haura. Littattafai da kaset-kaset suka ƙetaro da koyarwar zuwa Afirka, ta kuma tarad da ƙasa a jiƙe, musamman bayan 1986 sa'ad da darajar naira ta faɗi, albashi ya daina kai mutane ƙarshen wata. Mai jin yunwa ba ya tsayawa duban gindin mudu.

Kada ku ce labarin nesa nake ba ku. A ajin da nake koyarwa akwai wata yarinya mai ƙwazo, uwarta gwauruwa ce mai tuyar ƙosai. Ta yi wata shida tana zubin adashi domin kuɗin jarrabawar yarinyar da na shiga makarantar gaba. Ana sauran mako biyu a rufe karɓar kuɗi, sai wani baƙon mai wa'azi ya sauka a garin, ya yi taron kwana uku. A dare na ƙarshe ya ce duk mai son ganin hannun Allah ya kawo abin da zai yi masa zafi a rai, kafin kwana bakwai zai ga riɓinsa. Ta kwance bakin zane ta ba shi duka. Kwana bakwai suka cika, baƙo ya daɗe da hawa motarsa. Matan zumunta ne suka yi karo-karo aka biya wa yarinyar. Abin da ya fi taɓa ni, da na je gaishe ta ba kuɗin take kuka ba. Cewa ta yi, “Malama, ni dai ban san zunubin da na yi ba da Allah ya ƙi irina.” An kwashe mata adashi, sa'an nan an bar ta tana zargin kanta a gaban Mahaliccinta. Wannan sata ta biyu ta fi ta farkon muni.

To, bari mu ɗauko mudu. Maganar iri, gaskiya ne Yesu ya yi misali da mai shuka. Amma shi da kansa ya fassara misalin a Luka sura 8, ya nuna irin nan maganar Allah ce, gonar kuwa zuciyar mai ji. Babu ko kwabo a ciki. Inda Bulus ya kwatanta bayarwa da shuka, a wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa sura 8 da 9, gudummawa ce ake tarawa domin matalautan masu bi na Urushalima. Watau kuɗin daga hannun masu hali suke tafiya zuwa ga marasa hali. Ya ce kowa ya bayar gwargwadon abin da yake da shi, ba da tilas ba, kuma ba nufinsa a sauƙaƙa wa waɗansu a bar masu bayarwa cikin ƙunci ba. Ku duba yau inda kuɗin suke fitowa da inda suke shiga. An juya kogin, ruwa yana hawan tudu.

Riɓi ɗarin kuma daga Markus sura 10 ake ɗauko shi. Amma wanda ya karanta ayar har ƙarshenta zai ga an yi alkawarin ne ga waɗanda suka bar gida da dangi saboda bishara, an kuma haɗa musu da tsanani a cikin alkawarin. Wannan kalma ta tsanani ban taɓa jin an karanta ta a taron shuka iri ba. A nan aka bubbuge gindin mudun.

Sukan kuma kafa hujja da gwauruwar nan da ta zuba 'yan kuɗinta biyu a baitulmalin Haikali, a ƙarshen Markus sura 12. Lalle Yesu ya yaba mata. Amma ku ja yatsa sama kaɗan, aya biyu kacal kafin ta zo, za ku tarar yana la'antar malaman da suke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. A sura 7 kuma ya tsauta wa masu koya wa mutum ya keɓe dukiyarsa da sunan Allah domin ya tsere wa taimakon iyayensa. Bulus ma ya gaya wa Timoti, wanda bai kula da mutanen gidansa ba ya ƙaryata bangaskiyarsa. Ashe kuɗin makarantar yaro da na cefanen gida ba iri ba ne, amana ce.

Sai maganar mai da ruwa da ƙyallaye da ake sayarwa a kwalba da leda. Na'aman, sarkin yaƙin Suriya, ya zo wurin annabi Elisha da kuturta da dukiya niƙi-niƙi. Da ya warke a Kogin Urdun ya yi ta roƙon annabin ya karɓi kyauta, annabin ya ƙi. Baransa Gehazi ne ya bi shi a ɓoye, ya shirya ƙarya ya karɓo azurfa da riguna, kuturtar kuwa ta koma kansa. Yana nan a littafin Sarakuna na biyu, sura 5. A Samariya kuma wani Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi domin ya sayi ikon Ruhu Mai Tsarki, Bitrus ya gaya masa shi da kuɗinsa hallaka suka nufa, tun da ya zaci baiwar Allah abin ciniki ce. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta yi maganar shafa wa marar lafiya mai, amma dattawan ikilisiyarsa aka ce ya kira su zo su yi masa addu'a. Ba a ambaci farashi ba, ba a kuma ce ya tafi wani gari ya shiga layi ba.

Wannan ciniki har rayuka ya ci. A watan Mayu na 2013 mutum 4 suka mutu a turmutsitsin neman ruwan albarka a wata majami'a a birnin Ankara na ƙasar Gana. Ran 1 ga Fabrairu 2020, a garin Moshi na Tanzaniya, mutum 20 suka mutu wajen rige-rigen taka man da aka zuba a ƙasa, har da yara a cikinsu.

Dutse na uku shi ya fi ba ni tsoro, domin da shi ake sa mai hawan jini ko mai ciwon sukari ta zubar da maganinta, wai shan magani rashin bangaskiya ne. Ni na gaskata Allah yana warkarwa, na kuma gaskata da addu'a. Amma Bulus, wanda Allah ya warkad da mutane da yawa ta hannunsa, ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa abin da yake damunsa a jiki, ba a cire ba. Ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas kwance ba lafiya a Militas. Timoti mai yawan ciwon ciki ne, Bulus kuwa shawarar abin da zai sha ya ba shi. Luka da ya rubuta mana bishara likita ne. Da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambaya zunubin wa ya jawo, Yesu ya ce ba nasa ba ne, ba na iyayensa ba. Abokan Ayuba ne suka nace wahalarsa alamar laifi ce, a ƙarshen littafin kuwa su Allah ya yi wa fushi. Saboda haka, uwata, ki yi addu'arki, ki kuma sha maganinki a kan lokaci.

In kin yi tambaya, za a ce miki kada ki taɓa shafaffe na Ubangiji. Ayar tana Zabura 105, kuma zancen yadda Allah ya tsare su Ibrahim daga sarakunan ƙasashen da suka yi baƙunci take yi. Ba ta hana tambaya ba. Annabi Natan ya tsauta wa sarki Dawuda, Bulus ya tsauta wa Bitrus a gaban jama'a a Antakiya. Inda aka hana tambaya, nan mugunta take yin ƙiba. A 2023 aka fara tono gawawwaki a dajin Shakahola na ƙasar Kenya, har suka wuce 400, na mutanen da shugabansu ya koya musu su yi azumi har mutuwa domin su sadu da Yesu.

Ba ni kaɗai nake wannan magana ba. Jim Bakker, wanda ya yi tashe da wa'azin arziki a talabijin ɗin Amurka, an ɗaure shi a 1989 saboda zamba. A kurkuku ya zauna ya karanta Littafin a tsanake, a 1996 kuma ya fito da littafi yana cewa ya yi ta yanko ayoyi daga mahallinsu. A 2008 da 2009 malaman tauhidi na Afirka suka taru a Akropong ta ƙasar Gana, suka yarda Allah yana aikin al'ajabi, yana kuma son a yaƙi talauci, amma suka ce wannan koyarwa karkatad da Littafi take yi.

Kada wata ta ce na hana baiko. Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Na san fastocin ƙauye masu noma da hannunsu, waɗanda albashinsu bai kai na ɗan aike ba, Littafi kuwa ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa. Ku ba da baikonku da farin ciki a inda ake karanta lissafin kuɗi a gaban jama'a, inda kuma in kin kwanta ciwo za a zo gaishe ki.

Ga abin da nake roƙonku. In an jawo aya, ki rubuta ta a takarda, in kin koma gida ki karanta surar duka, daga kai har gindi. Ki tambayi kanki, wa ya yi maganar, da wa yake yi, a kan me? Kuɗin da ake nema, hannun wa za su shiga? In an ce sai yanzu-yanzu, kafin a rufe taro, to, ki ɗaure bakin zanenki, ki kwana a kan maganar, ki yi shawara da mai gidanki ko wata dattijuwa. Alherin Allah ba ya lalacewa kafin gari ya waye.

Ku kuma 'yan makaranta, karatun da ake ba ku ba na jarrabawa kaɗai ba ne. In uwarki ko kakarki ba ta iya karatu ba, ki zauna kusa da ita da dare ki karanta mata sura guda. Timoti wurin kakarsa Loyis da uwarsa Afiniki ya gaji bangaskiya. Biriskila kuwa, ita da mijinta Akila, su suka ja Afolos gefe suka gyara masa koyarwarsa, shi da yake gwanin magana. Ba su yi masa tsawa a bainar jama'a ba, ba su kuma yi shiru ba. Haka ya kamace mu.

Wadda take da abin cewa, ko ta ga inda mudun nawa bai cika ba, ta rubuto wa Edita, za mu karanta tare. Allah ya ba mu kunnen ji da idon dubawa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.