Araha Ko Suna: Tunani Kan Ƙugiya Da Kifin Ƙarya



'Yan uwa masu karatu, akwai wata tambaya da ba ta barin talaka ya huta a duk lokacin da ya sa ƙafa a kasuwa da kuɗi ƙalilan a aljihu, wato ko ya sayi abu mai araha wanda ba a san asalinsa ba, ko kuwa ya daure ya sayi mai tsada wanda sunansa ya riga ya zaga duniya. Tela yana fuskantar ta wajen zaɓen zare, makanike wajen kayan gyara, uwargida wajen tukunya. Bahaushe ya ce araha ba ta ado, amma kuma shi ne dai ya ce daidai ruwa daidai tsaki, kuma a tsakanin waɗannan maganganu biyu mafi yawanmu muke rayuwa. A yau ina so in shiga wannan tambaya ta wata ƙofa da mai karatu zai yi mamakin ganin mazaunin Sabon Gari a Gusau ya bi ta cikinta, wato kayan kamun kifi a ruwan gishiri.

Na san za a ce ina ruwan Bazamfare da teku. Ruwan da muka sani shi ne Kogin Sakkwato, wanda ya taso daga yankin Funtuwa, ya ratsa Gusau da Bunguɗu, ya zuba cikin madatsar Bakalori da aka kammala a 1978, sannan ya ci gaba da tafiyarsa. Sai dai neman abinci ya daɗe da kwashe matasanmu zuwa bakin teku, daga Legas har Kwatano. Cikinsu akwai ƙanena, wanda yake aikin ƙarfi a wata gaɓar ruwa a Legas, ya kuma koyi jefa fatsa wajen masu jiragen wurin. Abin da ya kama yakan sayar ya ƙara a kan abin da yake aiko wa mahaifiyarmu. Ya yi watanni yana tara 'yan kuɗi domin ya mallaki kayan kansa ya daina aro, to da kuɗin suka taru sai ya bugo mini waya ya ce, "Yaya, abin da ke hannuna zai sayi kifin ƙarya biyu na kamfani mai suna, ko kuma wajen goma na masu araha. Wanne zan yi?"

Ga wanda bai san abin ba, kifin ƙarya wani ɗan gunki ne da ake yi da roba ko katako mara nauyi a siffar ƙaramin kifi, a rataya masa ƙugiyoyi masu baki uku-uku da wasu ƙananan zobba na ƙarfe. A gabansa akwai ɗan leɓe wanda ke sa shi nutsewa yana karkarwa idan ana jan sa cikin ruwa. Babban kifi mai farauta ya hango shi, ya ɗauka abinci ne, ya kai hari, ƙugiya ta riƙe shi. Ba a sa masa tana ko wani abinci, motsinsa kawai ke yin aikin.

Daga cikin sunayen da suka fi shahara a wannan sana'a akwai Rapala. Asalinsa wani talakan masunci ne a ƙasar Finlan mai suna Lauri Rapala, wanda ya lura cewa manyan kifaye sun fi kai wa ƙaramin kifin da ya ji rauni hari, saboda yadda yake tangaɗi a iyonsa. A 1936 ya sassaƙa nasa na farko da wuƙa, ya naɗe shi da takardar azurfa ta alewa, ya narka fim ɗin hoto ya shafe shi da shi domin kada ruwa ya shiga, ya yi ta gyarawa har ya kwaikwayi wancan tangaɗin. Har yau abin da kamfanin yake tinƙaho da shi shi ne gwada kayansa a cikin kwatamin ruwa kafin su fita kasuwa. Ta fuskar ƙugiya kuwa akwai Mustad na ƙasar Norwe, wanda aka kafa tun 1832, mai tambarin mabuɗi. Akwai kuma Yo-Zuri na Japan da Halco na Ostireliya. A ɗaya gefen ga tarin kayan da ba su da wani sanannen suna, mafi yawansu daga masana'antun ƙasar Sin, inda birnin Weihai ya yi fice wajen ƙera kayan su.

Ya kamata mu yi adalci tun daga nan. Fitowar kaya daga Sin ba aibi ba ne, domin da yawa daga cikin manyan kamfanonin duniya ma a can ake ƙera musu wasu kayansu. Haka kuma kifi ba ya karatu, bai san tambari ba. Idan mai araha ya yi tangaɗin da ya dace a gaban kifi mai jin yunwa, zai hare shi kamar yadda zai hari mai tsada. Saboda haka duk wanda ya ce maka mai araha ba ya kama kifi, to, bai faɗi daidai ba. Bambancin yana bayyana ne a wasu wurare guda uku: a daidaito, a ƙarfin ƙarfe, da kuma a juriyar gishiri.

Daidaito shi ne ka sayi guda goma ka samu dukansu suna iyo iri ɗaya. A cikin masu araha za ka iya samun wasu suna tafiya sarai, wasu kuma suna kifewa gefe ko suna juyawa kamar ƙoƙiya, domin ba wanda ya gwada su kafin a zuba su a leda. Ƙarfin ƙarfe kuwa ba ya bayyana sai ranar da babban kifi ya kama, a nan ne ƙugiya mai taushi ke miƙewa, ko zobe ya buɗe, ko jikin robar ya tsage daga inda aka liƙa shi. Na uku shi ne wanda mu mutanen tudu ba mu saba da shi ba. A kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, alhali ruwan kogi irin namu bai kai giram 1 ba. Wannan gishiri yana cin ƙarfe da sauri, ƙugiyar da ba a lulluɓe ta da kariya mai kyau ba tana iya yin tsatsa cikin 'yan kwanaki, tsininta ya dushe, jikinta ya yi rauni, mai ita bai ankara ba. Ƙugiyar da za ta yi shekara a Kogin Sakkwato tana iya ƙarewa cikin ɗan lokaci a Legas.

Wannan shi ne abin da karatu ya ba ni. Amma da yake sai an gwada akan san na ƙwarai, na ga ya dace in ji ta bakin wanda ya tsufa a cikin ruwa, sai na je Bunguɗu wajen wani kawunmu masunci. Shi bai taɓa jefa kifin ƙarya ba, kuma da na nuna masa hotonsa a waya sai da ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya ce tarwaɗa da kurungu da ƙamshi suke neman abinci, da gashin bakinsu suke lalube a cikin jan ruwan damina, ina za su ga wannan kwalliya? Sai dai ko giwan ruwa da tsage, waɗanda ke farauta da ido. Amma da na faɗa masa tambayar ƙanena, sai ya daina dariya, ya ce ai tambayar tsohuwa ce, shi ma da ita ya girma.

Ya ce, "Malam, ka ga mamarin nan? Ƙugiya ɗaruruwa ke jikinsa, kuma kowane dare sai saiwa da duwatsu sun ci wasu. Idan na ce sai mai mabuɗi zan jera masa kaf, iyalina ba za su ci tuwo ba. Amma fatsar da nake ɗanawa a gurbi mai zurfi, inda nake sa ran babba, ko da bashi ne sai na sa mata ta ƙwarai. Inda ka san za ka yi asarar ƙugiya, sa mai araha. Inda ka san za ka yi asarar kifi, sa mai tsada."

Na daɗe ina juya wannan magana a raina, domin ta raba mini abin da littafi ya cakuɗa. Kawu bai tambayi wanne ya fi kyau ba, ya tambayi me za a rasa idan abin ya gaza. Ashe asara iri biyu ce a ruwa. Akwai wadda ruwa ke jawowa, kamar kifin ƙarya ya maƙale a dutse ko a tsohon ƙarfen jirgi igiya ta tsinke, kuma a wannan mai tsada da mai araha duk ɗaya suke, ba wanda ke dawowa. Akwai kuma wadda kayan ke jawowa, wato kifin da zai biya kuɗin haya ya kama, ƙugiya ta miƙe, ya tafi. Mai hankali yana kallon wacce ce ta fi kusa da shi a wurin da yake jefa fatsarsa, sannan ya buɗe aljihu.

Akwai kaya na uku da Kawu ya ja kunnena a kansa, kuma shi ne mafi sharri, wato jabu. Mai araha da ya zo da sunansa na gaskiya bai cuce ka ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Amma wanda aka buga masa sunan babban kamfani a kwali alhali cikinsa tarkace ne, ya haɗa maka tsada da rashin inganci a lokaci guda, ya kuma sa ka dogara da shi a inda bai kamata ba. Wannan algus ne, kuma ba na jin akwai ɗalibin da ya zauna a gaban malamin fiƙihu ya karanta babin ciniki bai ji hukuncin ɓoye aibin kaya ba. Ɗan kasuwa da zai ce wa mai saye, wannan na asali ne, wannan kuwa kwaikwayo ne, ga kuɗin kowanne, ya fita haƙƙinsa, kuma shi ne wanda masunta za su riƙa komawa wurinsa. Idan ka ga an yi maka tayin sanannen suna a kan kuɗin da bai kai rabin na kullum ba, to, ka tuna kai ma ana iya jefo maka kifin ƙarya.

Me ya sa na ɗauki wannan magana da nauyi haka? Domin zamanin da muke ciki ya rage wa talaka damar yin kuskure. Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, dala da take ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a cikin 2024, kuma duk waɗannan kaya daga waje ake shigo da su. A nan gida kuwa, rashin tsaron da ya addabi ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu da sauran sassan Zamfara shekara da shekaru ya sa masunci ba ya iya bin kogi ya yi nisa da asuba ko ya kwana a gaɓa kamar da. Wanda fitarsa ta ragu, dole kowace fita ta yi amfani. Shi ma ƙanena a Legas ba shi da jarin da zai sake tarawa nan kusa, kuma akwai tsohuwa da ke jiran saƙonsa a ƙarshen wata.

Ga abin da na faɗa masa a ƙarshe. Na ce ya sayi guda ɗaya na ƙwarai daga hannun wanda masu jiragen wurin suka amince da shi, ya ajiye shi domin buɗaɗɗen ruwa inda babu abin da zai maƙale masa, inda kuma manyan kifaye irin su barakuda ke yawo. Da ragowar kuɗin ya sayi masu araha huɗu ko biyar, ya gwada kowanne a bakin gaɓa ya ware waɗanda ke iyo daidai, sannan ya cire ƙugiyoyi da zobban da suka zo da su ya sa musu na ƙwarai waɗanda aka yi domin ruwan gishiri, tun da ƙugiya da zobe ba su kai gangar jikin tsada ba, alhali su ne ke riƙe kifi. Waɗannan su zai riƙa jefawa kusa da duwatsu da gindin gada. Na kuma ce duk ranar da ya dawo ya ɗauraye su duka da ruwan famfo, ya shanya su a inuwa su bushe kafin ya rufe su, domin mai tsadar ma idan aka bar shi da gishiri a jiki ba zai yi ƙarko ba. Ya ce, "To, Yaya, Allah Ya saka da alheri, ka gaishe mini da Kawu."

Ban ce wannan shawara ta dace da kowa ba. Mai jirgin da ke fita tsakiyar teku da man fetur na dubban Naira bai kamata ya yi rowa a kan abin da zai riƙe masa kifi ba, domin kuɗin kifin ƙarya kaɗan ne a cikin abin da ya kashe. Yaron da ke koyon jifa a bakin gaɓa kuwa, wanda zai tsinke igiya sau uku a yini, sayen mai suna gare shi almubazzaranci ne. A Argungu, inda bikin kamun kifi ya samo asali tun 1934, da koma da gora ake fito da giwan ruwa da sai mutum biyu ko uku sun ɗaga, wanda ya nuna cewa sanin ruwa yana gaba da tsadar kaya. Amma ko a can ba za ka ga gwani ya shiga Matan Fada da ruɓaɓɓiyar koma ba.

Don haka, ya ɗan uwa, ko ƙugiya za ka saya ko tayar babur ko maganin feshi, kafin ka tambayi nawa ne, ka fara tambayar kanka me ke rataye a jikin abin nan idan ya tsinke. Idan kuɗinsa ne kawai, ka sassauta wa aljihunka. Idan kuwa abincin iyali ne ko lafiyar wani, ka daure ka sayi na ƙwarai, ka kuma tabbatar na ƙwaran ne.

Allah Ya sa albarka a neman halal ɗinmu, Ya tsare masunta a ruwa da kan tudu, Ya dawo mana da zaman lafiya a Zamfara da ƙasa baki ɗaya.