Adashen Da Ba Mu Ne Ke Kwasa Ba

Duk macen da ke aikin albashi ta san kuɗin wata ba nata ba ne ita kaɗai. Alat bai gama shigowa ba, uwar adashe ta turo saƙo. Ga gudunmawar bikin 'yar wance, ga kuɗin anko, ga barkar haihuwa, ga ta'aziyya. Ba ma jin nauyin bayarwa, domin zaman tare ya gaji haka. Sai dai in kin duba da kyau, kuɗin nan a tsakaninmu suke kewayawa. Wadda kika yi wa yau, ita za ta rama miki gobe.

Akwai wani zubi da muke yi a makarantar da nake koyarwa a Ƙauran Namoda wanda ya sha bamban da waɗannan. Kowane wata muna zubawa, amma ba wadda kwasa ke zagayowa kanta. Masu kwasar yara ne ƙanana, da yawansu ko magana ba su fara ba. Labarinsa nake so in ba ku, 'yan uwana iyaye mata, ko Allah zai sa wata ta ɗauki wani abu ta kai wurin aikinta.

Shekaru da dama muna da al'ada a ɗakin malamai. Azumi na kamawa sai a buɗe karo-karo, a sayo shadda da atamfa, a kai wa tela, a raba wa marayun makarantar kayan Sallah kafin a ga wata. Aiki ne mai faranta rai, kuma har gobe muna yin sa.

To, a 'yan shekarun nan garin ya cika da baƙin da ba ziyara ce ta kawo su ba. Duk mazaunin Ƙaura ya san hanyoyi biyun nan: wadda ta miƙe zuwa Shinkafi har Isa da Sabon Birni, da wadda ta bi ta Zurmi ta ɓulla Jibiya. Daga ƙauyukan da ke gefensu mutane suke ta shigowa, wasu sun raɓa a gidajen dangi, wasu a kangaye. Manoma ne da suka saba cika rumbu, 'yan bindiga suka raba su da gonakinsu, ko suka ɗora musu harajin da ya fi ƙarfinsu kafin a bar su su yi noma ko girbi. Manyan 'ya'yansu sun shigo azuzuwanmu. Ƙannen kuwa a bayan uwayensu muke ganinsu, in sun zo rakiya ko neman aikatau. Gashi ya yi ja, hannu ya zama kamar sillen kara, yaro ɗan shekara biyu ba ya ko sha'awar wasa.

Abin da ido yake gani, sai ga lissafi ya tabbatar da shi. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitocin na gari na kowa, wato MSF, tare da ma'aikatar lafiya, sun auna yara 97,149 'yan ƙasa da shekara 5 a wurare 21 na ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi. Kashi 27 cikin 100 aka samu da tamowa. A cikinsu kashi 5 ta yi musu tsanani, sauran kashi 22 suna matsakaicin mataki. Wato in kin jera yara huɗu, ɗaya yana ciki.

Ƙanwar wata abokiyar aikinmu ma'aikaciyar jinya ce. Muka roƙe ta ta zo ta yi mana bayani a lokacin tara, ta zo da ɗan tef ɗin da ake zagaya wa damtsen yaro daga wata 6 zuwa shekara 5. Launi uku ne a jikinsa. In damtse bai kai santimita 11.5 ba, ja ne, yaro yana cikin haɗari, asibiti za a nufa. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ne. Abin da ya haura haka kore ne, lafiya lau. Ta ce mana asibiti da ƙungiyoyi sun fi sa ƙarfinsu a kan ja, tunda su ne a bakin mutuwa, kuma kayan ba sa isar kowa. Yaron da ke kan rawaya sau da yawa shawara ake ba uwarsa, a ce ta inganta masa abinci. Ita kuma da tana da abin ingantawar, da bai kai rawaya ba. Sai ta koma gida, bayan 'yan makonni zawo ko zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, ta dawo da shi yana kan ja.

A wannan lissafi na Shinkafi da Zurmi kaɗai, yaran da ke matsakaicin matakin sun haura dubu 20. Ba likita suke buƙata tukuna ba. Kunu mai kauri da gina jiki suke buƙata kullum, har na wata biyu ko uku. Wannan kuwa abu ne da mata masu ƙaramin albashi za su iya.

Da aka kawo shawarar a juya kuɗin kayan Sallah zuwa abinci, ɗakin malamai ya rabu biyu. Wani dattijon malami da duk muke kira Baba Malam ya bari kowa ya gama, sannan ya dube ni ya ce, "Malama, ni maraya ne na tashi. Na san abin da yaro ke ji in ya fita Idi da tsohuwar riga 'yan uwansa suna cikin sabuwa. Wannan ciwon ba tef ɗin da ke auna shi." Ɗakin ya yi tsit. Gaskiya ya faɗa, ba wanda ya iya musa masa.

Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, ba za a taɓa kayan marayu ba. Amma a duba kalanda." Azumi yana matsowa baya da kwana 10 ko 11 duk shekara, a shekarun nan tsakanin Fabrairu da Afrilu yake faɗowa. Yunwa kuwa ba ta bin watan sama, damina take bi. Daga Yuni zuwa Satumba ne rumbu ke ƙarewa, sabon gero bai nuna ba, hatsi ya yi tsada, sauro ya yi yawa. A lokacin nan hannun masu kyauta ya riga ya huta, an gama ciyarwar azumi, an shiga hidimar babbar Sallah.

A ƙarshe muka tsaya a kan biyu. Karo-karon azumi yana nan yadda yake. Sai aka ƙara zubin wata-wata, ranar da albashi ya shigo. Baba Malam ne ma ya fara zubawa.

Ga ƙa'idojin da suka riƙe mana asusun har yau.

Na farko, ba a yanka wa kowa adadi, kuma ba a liƙa sunaye. Mun ga yadda jerin sunaye a zauren WhatsApp ke sa mai ƙaramin ƙarfi ya ji kunya, ko ya ci bashi don kada a gan shi a ƙasa. Akwati muka ajiye mai kwaɗo, kowa ya naɗe abin da ya samu ya jefa. Wata Naira 500, wani 2,000, wani watan ma mutum ya tsallake ba wanda ya sani. Tsohuwar da ke mana shara, wadda albashinta bai kai rabin nawa ba, ta tare ni wata rana ta ce, "Ɗiyata, ni ba ni da na jefawa, amma in za a soya wake a kira ni." Yanzu ita ce shugabar suya. Ba mai iya gane wake ya soyu ta ƙamshi kamar Inna.

Na biyu, hannu ɗaya ba ya riƙe komai. Mutum uku ne: mai makullin akwati, mai littafi, mai makullin sito. Ba a buɗe akwati sai su ukun suna nan, kuma duk ƙarshen wata a karanta abin da ya shigo da abin da ya fita a gaban kowa. Abin da ke kashe irin wannan asusu a wuraren aiki zargi ne, kuma zargi a duhu yake tsirowa. Littafin takarda muke amfani da shi, domin mu a Zamfara ba mu manta watan Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako. Abin da ke cikin waya kaɗai ranar nan ya zama kamar babu.

Na uku, da kaka muke saye. Kuɗin da aka tara daga Oktoba zuwa Disamba gero da waken soya da gyaɗa muke saye da su tun suna da sauƙi, mu adana a buhunan da ba sa shigar da iska don gudun ƙwari. Abin da kuɗin zai saya da kaka, ba zai saya ba a watan Yuli. Duk uwar gida ta san wannan, mu dai mun ɗauko dabarar ɗakin girki ne muka kawo ofis.

Na huɗu, ba hoto. Uwar da ta goyo ɗanta ta zo karɓar gari, jiya-jiyan nan ita ke aika wa maƙwabta ƙwaryar fura a garinsu. Ya ishe ta abin da ta rasa, ba sai an haɗa da mutuncinta ba. In wani ya ba da gudunmawa daga waje yana son shaida, littafi muke nuna masa da buhuna.

Garin da muke yi shi ne wanda ake kira Tom Brown. Mu muna auna tiya 6 ta gero ko dawa, tiya 3 ta waken soya, tiya 1 ta gyaɗa. A jiƙa waken a cire ɓawonsa, a shanya ya bushe, a soya kowanne daban, a haɗa a kai inji. A dama shi da kauri, yadda ba zai zube daga cokali kamar ruwa ba, in da hali a ɗiga ɗan mai. Ranar Asabar biyu a wata muke haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinmu, mu yi aikin muna hira, mu ƙulla a leda. Malaman aji su ne idonmu, su suka san ɗalibin da ƙaninsa ke rama. Ma'aikaciyar jinyar nan ta koya wa huɗu daga cikinmu awo da tef.

Amma a kula, 'yar uwa. Garin nan ba na jaririn da bai kai wata 6 ba ne, shi nono kaɗai ya ishe shi. Kuma ba ya maye gurbin asibiti. Yaron da awonsa ya nuna ja, ko ya daina cin abinci, ko kika danna saman ƙafafunsa da yatsa na daƙiƙa 3 wurin ya lotsa bai dawo ba, a ranar za a kai shi. Shi ya sa muke ware wani kaso na asusun don kuɗin mota da abin da uwa za ta ci in an kwantar da su. Mata da yawa ba ƙin asibiti suke yi ba, kuɗin kabu-kabu ne babu, kuma ba su da wanda za su bar wa sauran yaran.

Ko gidan da aka ba yaro abincin tamowa na leda a asibiti muna kai musu gari. Dalili kuwa, ledar nan magani ce da aka ƙidaya wa yaro ɗaya. Amma wace uwa ce za ta iya ba ɗaya yana lasa, uku suna tsaye suna kallon bakinsa da yunwa? Dole ta gutsura musu, sai mai ciwon ya ƙi warkewa, a ce uwar ba ta bin ƙa'ida. In akwai kunu a tukunya, ledar takan tsaya wa mai ita.

Wani lokaci in na ga ledar nan nakan tuna tarihin garinmu. Tun 1929 layin dogo ya iso Ƙauran Namoda, nan ne ƙarshensa, kuma gyaɗa da audugar ƙasar nan ya riƙa kwasa zuwa bakin teku. Ledar kuwa gyaɗa ce aka haɗa da madara da sukari da mai da sinadaran gina jiki. A Faransa aka ƙirƙiro ta a 1996, aka ga amfaninta sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005. Jikokin manoman gyaɗa ne yau ke jiran gyaɗa a layi. Ƙasar ba ta daina bayarwa ba, hanyar zuwa gona ce ta toshe.

Don haka ba ma ruɗin kanmu. Akwatin ɗakin malamai ba zai buɗe hanyar Shinkafi ba, ba zai mayar da mutanen ƙauyukan Zurmi gonakinsu ba. Wannan haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma ba za mu daina faɗa ba. Akwai yarinyar da aka kawo mana labarinta a makare, uwarta ta yi kwanaki tana jiran hanya ta lafa kafin ta fito daga ƙauye. An kai ta asibiti a ranar, kwana biyu Allah ya karɓi abinsa. Akwai kuma waɗanda muka auna suna rawaya, bayan wata biyu tef ya nuna kore, yanzu suna bin yayyensu da gudu har bakin aji. Dukansu suna cikin littafinmu.

Ke ma wurin aikinki yana da nasa akwatin da ke jira, ko kina asibiti, ko kwalejin kimiyya da fasaha, ko sakatariyar ƙaramar hukuma, ko shagon ɗinki, ko gidan kitso. Ba sai kun yi rajistar ƙungiya ba, ba sai kun jira wani mai kuɗi ba. Ku nemo mutum uku da kowa ya yarda da su, ku sayi littafi da kwaɗo, ku je asibitin da ke kusa ku tambayi mai kula da sashen yara abin da ya fi ci musu tuwo a ƙwarya. In alat ɗin watan nan ya shigo kina ware na adashe da na anko, ki ware wannan ma, ko nawa ne.

Allah ya ba Zamfara da Arewa baki ɗaya zaman lafiya, ya mayar da kowa gonarsa, ya raya mana zuri'a. Amin.